Fitilar Araha a Kan Tankin Ruwan Gishiri: Yadda Wata Animoni Ta Farfaɗo a Abuja

Tankin na ƙanin matata ne, ma'aikaci a Abuja. Tsawonsa santimita 90, faɗinsa 45, zurfinsa 40. Idan aka cire wurin da duwatsu da yashi suka cinye, ruwan da ke ciki bai wuce lita 140 ba. Kifi biyu ne a ciki, irin mai ruwan goro da ratsin fari uku ɗin nan da yara ke ce wa Nemo tun bayan fim ɗin kamfanin Pixar na 2003, masana kuma suna kiransa Amphiprion ocellaris. Na kiwo ne, ba kamun teku ba. Wani dillali ne ya shigo da su Legas ta jirgi, aka turo masa. Wata bakwai suka yi lafiya ƙalau a ƙarƙashin wata siririyar fitilar LED mai wat 18 da ta zo manne da murfin tankin. Suna ci, suna girma, har babbar ta fara nuna ita ce uwargida. Da a nan ya tsaya da babu batun fitila, domin kifin Nemo ba ruwansa da irin hasken da aka kunna masa. Ƙwan ɗaki ma ya ishe shi, in dai zai bambance dare da rana ya kuma ga abincinsa.

Sai 'yarsa ta ce kifin ba su da gida. Ta ga hotuna, ta san a cikin animoni suke kwana. Aka yi odar guda ɗaya.

Abin da ya faru

Animoni dabba ce, ko da yake wanda ya gan ta karon farko zai rantse fure ne. 'Yar uwar murjani ce: gindi ɗaya da take manne wa dutse, baki ɗaya a tsakiya, kewaye da yatsu masu harbi. Nau'o'inta sun haura dubu, amma goma kacal kifin Nemo da danginsa ke zama a ciki, dukkansu a tekun Indiya da na Fasifik. Tekun Atlantika babu kifin nan sam, ko mutum ya shekara yana nutso a gaɓar Legas ba zai gan shi ba. Wuri mafi kusa da mu da danginsa ke rayuwa a teku shi ne Bahar Maliya, wajen Fot Sudan da Jidda, inda ake samun ɗan uwansa mai ratsi biyu, Amphiprion bicinctus.

Wadda aka kawo masa ita ce Entacmaea quadricolor, mai kumburin kan yatsu, wadda masu kiwo suka yi ittifaƙi ta fi sauran tara juriya a tanki. Nan dai bai yi kuskuren zaɓe ba. Ta iso da launin ruwan ƙasa mai ɗan sirkin kore, faɗinta ya kai santimita 12 idan ta buɗe, yatsunta suna danƙo. Ya ajiye ta a ƙasa-ƙasa, kusa da yashi. Kafin mako ya zagayo ta hau dutsen da ya fi kowanne tudu. Ba ta zauna ba, ta bar dutsen ta kama gilashi tana yin sama, yatsun sun miƙe sun sirance. Zuwa mako na shida launin ya koɗe, ana hango jikinta garai-garai, girmanta ya koma rabi. A nan ne ya kira ni.

"Yaya, abin nan fa ta ƙi zama wuri ɗaya. Yau na tashi na gan ta a bakin ruwa, saura ƙiris ta fito. Ko in ɓamɓaro ta in mayar da ita ƙasa?"

Na ce masa kul. Gindin animoni idan ya yage da wuya ya warke, kuma ko ya mayar da ita gobe za ta sake hawowa, tunda abin da ya tayar da ita yana nan. Na tambaye shi bakin, ya ce a rufe yake. Yatsun kuma har yanzu suna kama abinci. To, da sauran numfashi ke nan.

A cikin naman animoni akwai miliyoyin ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, waɗanda ake kira zuzanteli. Kamar 'yan haya suke, masu biyan kuɗin ɗaki da abinci: ita ta ba su wurin zama da taki, su kuma su sarrafa haske su ba ta sukari. Launin ruwan ƙasar nan nasu ne. Kifin ma yana da hannu a cikin cinikin, domin ammoniya da yake fitarwa taki ce gare su, shi ya sa a teku animoni mai kifi takan fi wadda ba ta da shi saurin girma. Idan haske ya gaza, ƙwayoyin ba sa iya ciyar da ita, su yi ta raguwa, ita kuma ta yi ta cin jikinta tana tsukewa.

Amma ba rashin haske kaɗai ke koɗar da animoni ba, don haka kafin a kashe ko kwabo sai da muka bi sauran ƙofofin. Nauyin gishiri yana kan 1.025, daidai. Zafin ruwa 26 zuwa 27, domin damina ce. Ammoniya sifili, nitiret, wato dattin da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi, ƙasa da 10. Tankin ya wuce wata shidan da ake so ya yi kafin a saka animoni. Famfunan ba sa buga ta kai tsaye. Abu ɗaya ya rage, kuma ita kanta ta riga ta nuna shi da hawan da take yi.

Me ake aunawa

Kafin mu gama magana ya riga ya shiga shagunan intanet yana kwatanta wat, kamar yadda kowa ke yi. Wat ba haske yake aunawa ba, wutar da fitila ke sha yake aunawa, kuma lambar da ke jikin kwali ko wannan ba kullum take faɗa daidai ba. Tsohuwar ƙa'idar nan ta wat 3 zuwa 5 ga kowane galan na ruwa ta zamanin dogayen ƙwai ce, ba ta aiki a kan LED. Lumen kuma a kan idon ɗan Adam aka gina shi, ido kuwa ya fi ganin kore mai sirkin rawaya, mai tsawon zango nanomita 555, ya kuma raina shuɗi. Alhali shuɗin nan, wajen nanomita 440 zuwa 470, shi ne babban abincin zuzanteli. Ruwan teku yana haɗiye jan haske tun a 'yan mitocin farko, shuɗi ne ke ratsawa ƙasa, da shi halittun wurin suka saba. Saboda haka fitila na iya haske falo fayau animoni tana kwana da yunwa a ƙarƙashinta, wata kuma ta yi dishi-dishi a idonka alhali ƙona ta take yi. Kelbin da ake rubutawa, 10,000 ko 14,000 ko 20,000, launin hasken kawai yake faɗa maka, ba ƙarfinsa ba.

Ma'aunin da ke da amfani shi ne PAR. Yana ƙirga yawan ƙwayoyin haske tsakanin nanomita 400 da 700 da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Rana tsaka a fili takan kai wajen maikromol 2,000, awon da ake ƙirga ƙwayoyin da shi ke nan. Masu kiwo kan ajiye mai kumburin yatsu tsakanin 150 da 350. Heteractis magnifica da Stichodactyla gigantea, waɗanda suna cikin ainihin gidajen ocellaris a teku, sun fi haka buƙata, kuma su ne suka fi mutuwa a hannun sabon shiga. Lambar kuma ba a bakin fitila ake ɗaukarta ba. A cikin ruwa ake ɗauka, daidai inda dabbar ke zaune, domin haske yana raguwa da sauri da zarar an nisanta.

Na'urar auna PAR a cikin ruwa, irin MQ-510 ta kamfanin Apogee da ke jihar Yuta a Amurka, ta fi fitilar da muke nema tsada. A can ƙungiyoyin masu kiwo da wasu shaguna suna ba da haya na kwana biyu. Shi ba shi da wanda zai ara masa. Manhajar waya kuwa luks take aunawa, wato haske yadda idon mutum ke ganinsa, kuma a iska. Raba luks da 54 yana ba ka PAR a hasken rana, amma a ƙarƙashin shuɗiyar LED lissafin ya rushe, lambar za ta fito ƙasa da gaskiya sosai, mutum ya yi ta ƙara wuta yana zaton bai kai ba. Abin da muka dogara da shi shi ne gwaje-gwajen da wasu suka riga suka yi suka wallafa, musamman na shagon Bulk Reef Supply da ke Minesota, wanda ke saka na'ura a tanki yana auna fitilu a tsayi daban-daban yana nunawa a YouTube. Sai kuma ita dabbar, wadda ba ta ɓoye abin da take ji.

Zaɓin da aka auna

Abin da ya ware bai wuce kwatankwacin dala 200 ba, har da kuɗin jirgi.

Tambayarsa ta farko ita ce wadda duk ɗan ƙasar nan zai yi: rana fa? Allah ya hore mana ita kyauta, me zai hana a matsar da tankin bakin taga? Hasken kam ya isa har ya yi yawa. Matsalar zafi ce da rashin linzami. Lita 140 a cikin gilashi ba ta da wuyar ɗumama, kuma animoni ta fi haƙurin ƙarancin haske na kwanaki a kan ruwan da ya haura maki 30. A tsibirin Moreya da ke kudancin Fasifik, lokacin da teku ya yi zafi a 2016, masu bincike sun tarar kifin da ke zaune a animonin da suka koɗe sun rage ƙwai masu rai da kashi 73 cikin ɗari. A teku ke nan, mai faɗi da zurfi. Ga kuma gansakuka da za ta lulluɓe gilashin, ga hadari yau rana gobe. Muka ajiye wannan.

Sai fitilar tsaro ta kasuwa, farar nan mai murabba'i da ake kafawa a katanga. Wannan ba shirme ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka. Farar LED asalinta shuɗiya ce aka shafa mata wani sinadari mai rawaya, saboda haka tana da shuɗi mai kyau wajen nanomita 450. Ƙirƙiro shuɗiyar LED ɗin ce ma ta sa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka sami kyautar Nobel a 2014. Mai ƙarfi daga cikinsu za ta iya riƙe ran animoni. Sai dai ba ta da abin rage haske, wat ɗin da ke jikinta ba abin dogaro ba ne, tankin kuma zai koma rawaya-rawaya, duk kyan da aka sayi dabbar dominsa ya tafi. Rashin abin ragewar ne ya fi damuna, don animonin da ta koɗe ba ta ɗaukar haske mai ƙarfi lokaci guda.

Fitilar halaid, wato babban ƙwan nan mai wat 150 ko 250 ko 400, ita ce sarauniyar wannan sana'a shekaru da dama, kuma har yau babu mai musun tana raya animoni. Ana samun ta hannu da arha tunda mutane sun koma LED. A Abuja dai ba ta da wurin zama. Tana ɗumama ruwa har sai an nemi injin sanyaya shi, wanda ya fi ta tsada. Idan aka ɗauke wuta aka maido, sai ta huce na wasu mintoci kafin ta sake kamawa, yawan kashewa da kunnawa kuma yana rage wa ƙwan kwana. Ga lissafin wuta. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin yunit na masu rukunin Band A zuwa naira 225, daga baya ya ɗan sauko. Mu ɗauke shi a 210. Wat 250 na awa 8 yunit 2 ne a rana, 60 a wata, naira 12,600. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, wanda ba a so a sha fiye da rabinsa, ba zai riƙe ta awa biyar ba ko da ita kaɗai ce a kansa.

Dogayen ƙwai na T5 su ne suka fi burge ni ta fuskar haske, domin suna shimfiɗa shi ko'ina daidai, babu wuri mai ƙuna babu lungu mai duhu. Tankin santimita 90 yana ɗaukar masu wat 39. Guda huɗu wat 156 ke nan, awa 9 a rana ya kama yunit 42 a wata, wajen naira 8,800. Abin da ya kashe maganar shi ne ana sauya ƙwan duk wata tara zuwa shekara, tun bai mutu ba, saboda ƙarfinsa na raguwa. Ƙwan gilashi mai kusan mita ɗaya da za a riƙa yo odarsa daga waje kowace shekara, a yi ta addu'ar ya iso bai fashe ba, ba araha ba ce ko da an same shi kyauta a karon farko. Da yawan na Amurka kuma na bolt 120 ne, mu kuwa 230 muke sha.

Manyan LED na masu hali ba su ɗauke mu lokaci ba. AI Prime 16HD fitila ce ta ƙwarai, ana sarrafa ta da waya, amma guda ta haura dala 200 kuma tankin santimita 90 ya fi son biyu. Radion XR30 ta kamfanin EcoTech ta haura dala 800. Na kamfanin Kessil ma haka, kyau akwai, kuɗi ne babu.

Ya rage baƙin akwati. Haka masu kiwo ke kiran wasu fitilu ƙirar Sin, akwatin ƙarfe baƙi mai tsawon wajen santimita 40, ɗauke da ƙananan ƙwai 55, da fanka a bayansa. Sunaye da yawa ake manna musu, irin su Mars Aqua da Viparspectra, amma zubin kusan ɗaya ne, farashin kuma dala 100 da 'yan kai. Ana rubuta musu wat 165 saboda an ninka 55 da 3, amma idan aka saka a mita an buɗe su gaba ɗaya wajen 100 zuwa 110 suke sha. Wannan ba aibi ba ne, ƙwan da ba a ƙure shi ba ya fi daɗewa. Layi biyu ne a ciki, na shuɗi da na fari, kowanne da abin murɗawarsa. Kan kowane ƙwai akwai ɗan murfin roba da ke tattara hasken ya harba shi ƙasa, shi ya sa PAR ɗin da ke daidai ƙarƙashinsu ya wuce abin da mai kumburin yatsu ke buƙata nesa ba kusa ba. Wato matsalar baƙin akwati ba ƙarancin haske ba ce, yawansa ne a wuri guda.

Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma a nan maganar ta faɗa daidai a ma'anarta ta zahiri. Ado ne ake rasawa. Launukan ba sa gauraya sosai, sai ka ga ɗigon ja da kore suna rawa a kan yashi. Babu fitowar alfijir da faɗuwar rana a hankali, farat take kamawa farat take mutuwa, kifi su firgita a kwanakin farko. Fankar tana ƙara. Gefe da gefen tankin ba sa samun haske sosai, don abin da akwati ɗaya ke rufewa bai wuce santimita 60 ba. Amma zuzanteli ba su san tambarin kamfani ba. Da tankin zurfinsa ya kai santimita 60, ko da magnifica ce a ciki, da ban ba shi wannan shawara ba. Ga mai kumburin yatsu guda a ruwa mai zurfin santimita 40, ta isa har da saura.

Abu biyu muka duba kafin ya biya. Na farko, a ga an rubuta bolt 100 zuwa 240 a jikinta. Na biyu, mu ɗauki mai abin murɗawa na hannu da igiya biyu, mu bar mai agogo a ciki da rimot. Agogon ciki yakan rikice idan wuta ta yanke, mutum yana ofis fitila ta kama da tsakar dare ko ta ƙi kamawa da rana. Mai murɗawa kuwa inda ka bar ta nan za ta dawo. Ya haɗa kowace igiya da taima ta soket, wato agogon kunnawa da kashewa, mai ɗan batir a ciki, ya jona duka a layin inbata.

Rataya da sabo

A nan ainihin aikin yake, kuma a nan ne fitilar araha ke kashe dabbobin mutane a ɗora wa fitilar laifi.

Murfin gilashin ya tafi, domin yana tara zafi, gishiri kuma yana bushewa a jikinsa ya tare haske. Aka maye gurbinsa da raga mai faɗin ido a cikin firam, tunda kifin Nemo yakan yi tsalle. Mai walda ya lanƙwasa masa ƙarfe biyu da aka ɗaure a bayan teburin, aka yi musu fenti hannu biyu saboda tsatsa, fitilar ta rataya santimita 30 sama da ruwa. Ɗagawar nan tana baza hasken, tana rage ƙunar tsakiya, tana kuma nisanta wayoyin daga feshin gishiri. Ya sake jera duwatsun ya tara su tsakiya, da tudu da kwari da rami, don dabbar ta sami inda za ta cusa gindinta a inuwa ta miƙo yatsu cikin haske, yadda irinta ke so. Famfunan motsa ruwa duk ya sa musu soso a baki. Animoni mai yawo idan famfo ya zuƙe ta, niƙe ta yake yi, dafinta ya watsu, a wayi gari babu kifi ko ɗaya.

An fara da shuɗi a kashi 30, fari a kashi 10, da ragar taga ninki biyu a shimfiɗe kan murfin. Shuɗi awa 10, daga sha biyun rana zuwa goman dare, fari awa 6 a tsakiya. Tsarin shi ne a cire ninki ɗaya na ragar bayan mako guda, ɗayan bayan wani makon, sannan a riƙa ƙara kashi 5 duk mako. Kwana biyu da kunnawa ta sauko daga gilashin da kanta ta shige wani rami a tsakiyar duwatsun.

A mako na biyu haƙurinsa ya ƙare. Ya ga ta zauna, ya ce bari ya taimaka mata ta yi saurin warkewa, ya kwashe ragar ya murɗa shuɗin zuwa 70. Washegari ta dunƙule ta koma ƙarƙashin dutse, kwana uku ba ta leƙo ba. Garin neman gira saura kaɗan a rasa ido. Abin da ke faruwa shi ne, idan haske ya fi ƙarfin abin da 'yan ƙwayoyin da suka rage za su iya sarrafawa, sai su fara fitar da wasu sinadarai masu cin nama, dabbar kuma ta tofar da su don ta tsira. Wadda ta riga ta koɗe ba ta da launin da zai yi mata garkuwa, kuma ba ta da rarar ƙwayoyin da za ta zubar. Aka koma kan tsarin farko, ta fito.

Tunda 'yan cikinta ba sa iya ciyar da ita tukuna, sai da baki. Sau biyu a mako yakan yanko ɗanyen jatan lande na teku, guntun da bai wuce rabin santimita ba, ba busasshen nan na miya ba, ya kashe famfo, ya ɗora mata a kan yatsu da dogon hantsaki. Kifin biyu suka gane, suka riƙa fizge abincin kafin ya kai baki. Sai ya yanke gindin gorar ruwa, ya huhhuda ta, ya riƙa kifa mata har ta haɗiye. Takan ɗauki kusan kwata na awa: yatsun su naɗe guntun, bakin ya kumbura ya karkato wajensa, a hankali abin ya ɓace. Babban yanki ba ya yi, da dare za ta amayar da shi ya ruɓe a tankin.

Wajen mako na shida da sabuwar fitilar aka fara ganin ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa a gindin yatsun da ke kewaye da baki. Suka yi ta yaɗuwa suna haɗewa. Wata huɗu ta ɗauka kafin launin ya dawo gaba ɗaya, koren ma ya fito fiye da ranar da ta zo. An tsaya a shuɗi 60, fari 25, ba a ƙara ba, tunda ta daina yawo tana buɗewa sosai da rana. Mitar soket ta nuna wajen wat 55 idan duka layin biyu na ci, ƙasa da haka idan shuɗi ne kaɗai. Yunit 15 a wata bai cika ba, wato wajen naira 3,000. Kumburin kan yatsun wani lokaci ya fito, wani lokaci ya ɓace. Wannan ba ma'aunin lafiya ba ne, na ce masa ya daina damun kansa.

Wuta, zafi da ƙura

Rarar kuɗin da bai kashe a fitila ba ta tafi ne inda ya fi muhimmanci. Idan wuta ta yanke, ba fitila ce abin gudu a kai ba. Animoni mai lafiya tana iya yin kwana biyu ko uku a duhu, kamar yadda take yi a teku idan hadari ya daɗe. Famfo kuwa idan ya tsaya, iskar da ke cikin ruwan takan ƙare cikin awoyi, balle da zafi. Saboda haka ya raba layi: famfuna a kan ƙaramin batir nasu na daban, fitila a kan inbatar gida, ita ake fara kashewa idan caji ya yi ƙasa.

Da bazara ta kama, watan Maris, ruwan ya taɓa 29 da rabi da la'asar. Ya sayi ƙaramar fanka mai maƙalewa ya saita ta tana hura saman ruwan, zafin ya sauka da maki ɗaya zuwa biyu. Kuɗin wannan shi ne ruwa na ƙafewa lita biyu zuwa uku a rana, kuma dole a cike da tataccen ruwa marar gishiri, domin ruwan ne ke tashi, gishirin yana nan. A makonnin da zafin ya fi tsanani ya rage farin layin zuwa awa 4, tunda zafi da haske mai ƙarfi idan suka haɗu sun fi saurin koɗar da ita a kan kowanne shi kaɗai. Da hunturu kuwa ƙura ce. Fankokin akwatin suna zuƙar iskar ɗaki, ƙurar ta haɗu da danshin gishiri ta zama laka a jikin fukafukan. LED da ta yi zafi haskenta raguwa yake yi tun kafin ta mutu, ido kuma ba ya lura. Duk ƙarshen wata yakan sauke ta, ya kwance murfin baya, ya share da busasshen burushi, ya goge fuskar da tsumma mai ɗan damshi.

Kifin da aka yi duk wannan dominsu kuwa ko kallo animonin ba ta ishe su ba. A kusurwar tanki suke kwana, jikin bututun famfo. Ba abin mamaki ba ne, tunda a teku ocellaris ba ya zama a cikin Entacmaea quadricolor. 'Yan uwansa irin su Amphiprion frenatus da clarkii da bicinctus su ne mutanenta. A tanki yakan karɓe ta, wani cikin kwanaki, wani bayan watanni, wani har abada. Yarinyar ta yi ta tambaya, "Abba, yaushe za su shiga?" Sai a wata na biyar macen ta fara goga cikinta a kan yatsun tana ja da baya, tana komawa, har majinar jikinta ta saba da dafin. Namijin ya biyo ta bayan kwanaki, da izininta.

Kusan shekara da zuwanta, animonin ta tsage gida biyu cikin dare, kamar yadda irinta ke hayayyafa. Rabi ɗaya ya zauna a ramin, kifin suna tare da shi. Ɗayan ya yi tafiyarsa zuwa ƙarshen tankin ta hagu, inda hasken akwati ɗaya ba ya kaiwa sosai, ya kama dutse a can ya ƙi motsi, kuma ya fara miƙe yatsu. Akwati na biyu zai rufe tankin gaba ɗaya, a rage wa kowanne ƙarfi, amma zai ƙara wa inbatar kaya ya kuma ƙara zafi kafin bazara mai zuwa. Dillalin Legas ya ce zai karɓi rabin ya ba shi buhun gishiri a madadinsa. A yanzu dai ya matsar da fitilar santimita 10 ta hagu, ya ɗaga ta da wasu 5, ya ƙara shuɗin zuwa 65, yana jira rabin ya gama warkewa kafin a san ko zai iya tafiyar Legas a leda.